Ƙwayoyin da ke cikin kwanon jere

Shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa a fadamar Diggi na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kalgo. A shekarar ne kuma matata ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Ba ya ciwo, sai muka ƙyale shi har rani.

A asibiti aka cire nonon. Likitar ta zaunar da mu, ta ce jikin mace yakan aika wa nono saƙo kowane wata, kuma cikin naman akwai wani ɗan abu mai karɓar saƙon ya sa nama ya ƙaru. Na matata ya daina jin bari. Ta rubuta ƙwaya, ɗaya kullum har shekara biyar, wadda za ta toshe masa kunne. Ta ja mana kunne kan ɗaukar ciki, ta ce da ciki ba a shan maganin.

'Ya'yanmu biyu sun rasu tun suna goye. Ba mu da sauran ɗa, amma muka karɓi ƙwayar muka koma gida.

Kowace safiya sai in miƙa mata ƙwaya, in rubuta ranar a littafina na aji.

"Malam ɗan makaranta, yau ma rubuta ni za a yi?"

"Za a rubuta ki. Haɗiye."

Ta kai hannu baki, ta kora da ruwa, tana dariya. Ni kuwa ina jin daɗin yadda rubutuna ke miƙewa.

Ana jibi Sallah ta ce jiri take ji, in sauke mata kwanonin jere ta wanke. Namiji ba ya taɓa jeren mace, ban taɓa buɗe su ba tun aurenmu. Na saman ya yi ƙara a hannuna. Na ɗaga murfin. Ƙwayoyi ne farare. Na zauna na ƙirga, na duba littafi: ɗari da tamanin da shida, fiye da wata shida ke nan ba ta sha ba sai jefi-jefi.

Tana bakin ƙofa, hannu a mara.

"Wata ukku ne, Maigida. Inna ta Gwandu ta ce ƙwayar ce ke hana ni. In mun tafi, wa zai yi muna addu'a?"

Ban yi faɗa ba. Na ce ta ɗaga hannu. A hammatarta na ji wani ƙullutu, da tauri kamar ƙwallon dabino.

Kafin kaka ta zagayo na rasa shanuna biyu na huɗa wajen neman magani, da ciki na wata shida, da ita.