Farin Yadin da ke Ƙasan Akwatin Inna

Akwai abin da har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba, kuma ba wani ne ya yi mini shi ba, ni na yi da hannuna. Na yanka likkafanin mahaifiyata tana raye, tana kwance tana kallona, na mayar da shi gefen zanin gado. Shekaru sun shuɗe, amma wannan ne karo na farko da na iya jera maganar daga farko har ƙarshe.

Ni tela ce. A gidan mijina a Arkilla nake ɗinki, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai, don a layinmu babu wadda ta kai ni tsabtar kalmasa. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, tana tsohon gidanmu na Ƙofar Dundaye. A bazarar wata shekara hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu. Da aka sallamo ta daga asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Sai gurnani, sai wata guntuwar kalma da takan kuɓuce mata can ba a rasa ba. Amma idonta garau yake, kuma duk abin da ake yi a ɗakin tana fahimta. Mu ne muka riƙa mantawa da hakan. Na kwaso keken ɗinkina na dawo gida jinya.

Yayana fataucin shanu yake yi zuwa kudu, kuma shi mutum ne da in abu ya dame shi sai ya sayo wani abu. Da ya ga Inna a kan tsohuwar katifarta ta audugar rimi, wadda ta lotse har ana jin ƙarfen gado, sai ya fita. La'asar sai ga a-kori-kura a ƙofar gida da wata ƙatuwar katifa irin ta zamani, kaurinta inci goma sha biyu. Sai da maza uku suka murɗa ta kafin ta wuce zaure. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo suna sa masa albarka.

Matsalar ta fito tun ranar. Zannuwan gadon Inna duk na da ne, an yanka su daidai siririyar katifa. A kan wannan sabuwar sai su tsaya a sama kamar hula a kan tulu, babu abin da za a cusa ƙasa. Da an juya ta sai zane ya zame ya tattare a ƙarƙashin bayanta, ko ya bar ta a kan ledar da muke shimfiɗawa saboda fitsari. Ga zafin Sakkwato, wanda ko mai lafiya yana jin jiki. Cikin kwana goma wata nas da ke zuwa duba ta ta ɗaga ta, ta nuna mini wani jan tabo a ƙugunta.

"Kin ga wanga? Gyambo na zai zama," in ji ta. "Zanen da ya tattare shi ka cin hwata. A samu wanda ka kama katihwa tsam, kuma na auduga zalla, banda mai santsi."

Na ce a raina, ai an zo gidan. Aikin ba wuya: a ƙara wa kowane zane ƙyalle mai faɗin taƙi guda da ɗoriya ta ɓangarori huɗu, a tsuke kusurwoyi, a zura roba a kalmasa yadda zai rungume katifar ta ƙasa. Abin da kawai na rasa shi ne yadin ƙari. Kasuwa ba nisa, a-daidaita-sahu ɗaya ne zai kai ni. Amma rana ta take, ga ganda, ga son in gama a ranar a ce na iya. Sai na janyo akwatin ƙarfen Inna daga lungun gado, ko zan samu tsohon zanin da zan yayyanka.

A can ƙasa, bayan atamfofi da mayafai, na ci karo da farin yadi a naɗe cikin leda biyu. Auduga ce zalla, mai yawa, ba a taɓa sa mata almakashi ba. Ta ɗan yamutse kamar an taɓa jiƙa ta an shanya ba guga. A bakin yadin akwai wani ɗan rubutun ajami da biro, na ɗauka alamar mai shago ce.

Na san abin da mai karatu zai ce: mace da girmanta ta ga farin yadi a ƙasan akwatin tsohuwa, ta kasa ganewa? Ni ma na sha yi wa kaina wannan tambayar. Inna ta yi shekaru tana ɗinkin hannu a kan fararen rigunan matashi tana sayarwa, farin yadi a kayanta ba baƙon abu ba ne. Wannan ita ce hujjar da nake ba mutane. Gaskiyar kuwa ita ce ban yarda in kawo mutuwarta a raina ba, kuma idon tela in ya ga yadi, tsawo da faɗi kawai yake gani.

Na shimfiɗa shi a kan tabarma a tsakar ɗakin, daidai inda take iya hange. Har guga na yi masa. Ina ɗora tef ina ja da alli, sai na ji Inna ta fara gurnani. Da na ɗauki almakashi, ta shiga dukan katifa da hannunta na hagu, bugu mai ƙarfin da ban san ya rage mata ba.

"Inna, yi hanƙuri," na ce, ko ɗaga kai ban yi sosai ba. "Yanzun nan za ni ƙarewa. Dut don ki ji daɗi na."

Na caka almakashi, na ja. Auduga mai kyau tana da wata ƙara in ana keta ta, har yau ina jin ta. Inna ta yi wani sauti mai tsawo. Da na waiga, hawaye na gangara ta gefen idonta zuwa cikin kunne. Na goge mata da bakin mayafina, na ce ciwo ne, na koma kan aikina.

Zannuwa huɗu na gyara kafin magariba, kuma ba yabon kai ba, sun yi kyau. Sun kama katifar tsam, ko tattara ɗaya babu. Na ɗauki hoto na sa a waya, mata suka yi ta tambaya ko zan yi musu, don kowa ya sayi katifa mai kauri yana fama da tsofaffin zannuwa. Nas ta zo ta yaba. Tabon ƙugu ya fara bajewa. Na riƙa yawo a gidan kamar wadda ta ci gasa.

Amma daga ranar Inna ta samu sabon hali. Hannunta mai lafiya kullum yana bakin katifa, tana laluben farin ƙyallen tana ja. Ta ja, ta ja, har kusurwa ta fizge, zane ya tattare. In na zo gyarawa sai ta kafe ni da ido, ta yi ta kokawa da harshenta har kalma ta fito: "Zam... zam."

Yayana ya ce, "Ai zamzam taka biɗa." Washegari ya samo 'yar jarka wajen wani abokinsa da ya dawo umara. Na zuba a cokali na kai bakinta, ta datse haƙora, ruwan ya bi ta haɓa. Muka ce rikicin ciwo ne, ƙwaƙwalwa ta taɓu. Ni kuwa raina ya fara ɓaci, don sau biyar sau shida nake gyara shimfiɗa a wuni. Sai na ƙara roba mai kauri. Da ta ci gaba da fizgewa, na ɗinka maɗauri biyu da suka ratsa ta ƙarƙashin katifa. Wata rana da gajiya ta ci ƙarfina har tsawa na yi mata, na ce, "Haba Inna! So kika ki kashe ni da aiki?" Na kama hannun na tura shi ƙarƙashin mayafi na danne. Wannan hannun ne ya yi mini kitso har na yi aure.

Mako bakwai muka yi a haka.

Inna tana da aminiya a wani ƙauye gaba da Wurno, wadda muke kira Gwaggo ko da yake babu jini tsakaninmu. Tare suka sauke farali shekaru da dama da suka wuce, da kuɗin shinkafa da na tumakin da suka tara. Ciwon ƙafa ya hana ta zuwa dubiya da wuri. Ranar da ta iso, da hantsi, tana zama a bakin gado Inna ta cafke wuyan hannunta ta ja shi zuwa gefen katifa. "Zam... zam," in ji ta.

Gwaggo ta murza ƙyallen tsakanin yatsu. Ta sunkuya ta bi kalmasar da kallo har kusurwar wajen kai, inda rabin rubutun biron nan ya leƙo daga ƙarƙashin ɗinkina. Ta daɗe a sunkuye.

"Ke ɗiyag ga," ta ce, "ina kis samu yadin ga?"

Na ce a akwati, har da ɗan murmushina, ina jiran yabo.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Likkahwanin Innakki na. Ni da ita munka sawo shi Makka, munka tsoma ruwan zamzam, munka shanya bisa igiya guda. Ga sunanta nan, ni nar rubuta da hannuna don kada shi garwaye da nawa. Wanga shi na abin da taka ajiya ma kabarinta. Mi kiy yi haka?"

Na zauna a ƙasa. Na dubi Inna. Ta rufe ido, ƙirjinta na hawa da sauka, kuma a karon farko cikin mako bakwai fuskarta ta saki, don an samu wanda ya ji ta. Na rarrafa na kama ƙafarta ina cewa ta yafe mini. Ba ta janye ƙafar ba, ba ta kuma buɗe ido ba. Har gobe ban san wanne ne amsarta ba.

Gwaggo ta kai baki kunnenta ta ce, "Kwantar da ranki. Nawa na nan, ruwa guda sunka sha. Ni baki shi. Jibi in Allah ya so ina tahe da shi." Inna ta saki bakin zanen, ta ɗora hannu a ƙirji. Da azahar Gwaggo ta kama hanyar ƙauye.

Na wuni ina farke ɗinkin da na yi alfahari da shi, ina zare roba. Na wanke ƙyallayen da sabulu har fatar hannuna ta saluɓe, amma mako bakwai na jinya ba ya fita daga farar auduga. Ko da ya fita, tsummoki ne masu faɗin taƙi, duk hujin allura. A buhun ragowar ƙyallayena na tono guntu ɗaya mai tsabta da ya rage, bai fi ɗankwali ba.

Inna ba ta jira jibi ba. Washegari da hantsi, ina ba ta kunu, ta cika.

Aka buga wa Gwaggo waya, ta ce ga ta nan tafe, a jira ta don Allah. Aka jira har rana ta take. Malamin unguwa ya ce ba a ajiye gawa a wannan zafin saboda yadi, kowane fari mai tsarki ya wadatar, kuma na san gaskiya ya faɗa. Yayana ya aika kasuwa aka yanko alawayyo. Na miƙa wa matan da suka yi mata wanka guntun nan, babbarsu ta karɓa ta ɗaura mata a ka. Iyakar abin da ya bi ta ke nan daga yadin da ta ɗauko tun daga Makka ta adana shekara da shekaru.

An fita da ita da kamar rabin awa sai ga Gwaggo ta shigo tana ɗingishi, ƙunshi a hammata, motarsu ta lalace a hanya. Ta tsaya a ƙofar ɗakin ta dubi katifar da babu kowa a kai. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai ce, "Na yi mata alkawali," ta zauna a dokin ƙofa da ƙunshin a cinya, ta yi ta shafa shi.

Malamai sun gaya mini ba yadi ke kai mutum aljanna ba, kuma Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Na yarda. Amma ba rashin sanin ne ke hana ni sukuni ba, don an sanar da ni, sau biyar sau shida kowace rana, da kalma ɗaya tak da ta rage wa baiwar Allah a duniya. Abin da na koya, kuma na koye shi a makare, shi ne hidima daban, saurare daban. Kana iya wanke mutum, ka ciyar da shi, ka juya shi, kowa na sa maka albarka, alhali kai ne azabarsa. In kuna da majinyacin da baki ya mutu, kuka ga ya nace wa abu ɗaya, kada ku ce rikicin ciwo ne. Ku nemo wanda ya san shi tun yana da baki, ku nemo shi yau, tun ana iya gyarawa.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta yafe mini kafin ta tafi.