Amsar Jinin Rabi 'Yar Dawce

Shekara talatin na yi ina leƙen jinin mutane, amma ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da amsar Rabi 'yar Dawce ta iso. Shekarar fari ce, soja na mulki a nan, soja na mulki a Najeriya, iyaka kuma a rufe. Ni kaɗai ne a ɗakin gwaji na likitar Matamaye, wato asibitin garin. Shugabana Majo Sani ne, wato babban anfirmiye, ma'aikacin jinya mai riƙe da gidan, don ba a ganin lokotoro, wato dakta, sai an je Damagaram.

Ku da na'ura ke ƙirga muku jini kuna shan shayi, ku ji yadda muke yi. Ka ɗebi ɗigo a yatsa, ka sirka da ruwan magani, ka zuba kan gilashi mai ƙananan gidaje, ka kai madubin likita bakin taga ya kamo rana, sannan ka ƙirga fararen ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya. Su ne masu yaƙi da cuta a jiki. In sun ƙaru, akwai abin da suke yaƙa.

Rabi mai man gyaɗa ce daga ƙauyen Dawce. Ƙanin mijinta, Lawali, ya kawo ta a amalanke, da zazzaɓi da kumburi ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Mijin, Malam Habu, yana Kano yana ga-ruwa, shi ke aiko abin da gidan ke ci.

Da na leƙa jininta sai da na ɗago na murza ido. Fararen sun cika gidajen maƙil, sun ninka na mai lafiya fiye da sau goma. Na wanke gilashi na sake, har sau uku. Majo ya leƙa ya ce, "Sankarar jini ce, Isufu. Rubuta."

Na ce, "Majo, ka yi haƙuri, ba zan rubuta ba tukuna."

Na shafa jinin a wani gilashi na rina shi. A sankarar jinin da na sani, yawancin ƙwayoyin jarirai ne, ba su nuna ba. Na Rabi kuwa ƙosassu ne, kuma saifarta ba ta kumbura ba. Na ce wa Majo jinin nan ba shi ne mai ciwon ba, kururuwa yake yi a kan wani abu. Muka zaci ƙurjin hanta ne. Kwana goma ana magani babu sauƙi, allura kuma ba ta zuƙo mugunya ba.

A lokacin ambilas ba ta tashi sai sufurefe mai mulkin yankin, wani kaftin, ya sa hannu a takardar isansi, wato fetur. Majo ya ce, "Tunda kai ka ƙi rubutawa, je ka yi masa bayani." Na je na yi masa bayani. Kaftin ya saurare ni tsaf, ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata da abin da idona ya gani. Ya sa hannu.

A Damagaram lokotoro ya ciri ɗan tsoka daga hantar ya aika Yamai, aka dawo mana da Rabi ta jira. Kowace safiya Lawali zai tsaya bakin tagata ya ce, "Malam Isufu, in aika wa yaya ya taho, ko ko a bar shi?" Zuwan ba wasa ba ne, sai ta daji a ɓoye, kuma in ya baro Kano tukunyar gidan ta sauka. Kullum amsata ɗaya, mu jira takarda.

Wata hantsi takardar ta iso. Sankarar hanta ce, wani iri da lokotoro ya ce sai a littafi ya taɓa gani, ita ke tunzura ɓargo yana zubo fararen ƙwayoyin. A ƙasa ya ƙara da hannunsa, a gaishe masa da ma'aikacin da ya ƙi rubuta sankarar jini. Wayyo daɗi! Na yi tsalle, na rungume Majo, na fito tsakar gida ina kaɗa takarda, bakina har kunne. Lawali yana zaune gindin bishiyar bedi. Ya dube ni, ya ɗaga hannu ya ce, "Alhamdu lillahi!" Ni ma na ɗaga masa hannu, na wuce in nuna wa ungozoma.

Sai bayan azahar na shiga ɗakin Rabi. Na tarar tana murmushi, karo na farko. Ta ce, "Malam Isufu, Lawali ya ce ya ga albishir a fuskarka. Ya tafi gida, akwai mai tafiya Kano yau, zai ce a gaya wa Malam ya yi zamansa."

Takardar da nake wa rawa cewa take babu magani, saura makonni. Kunyar da na ji ranar ban sake jin irinta ba.

Da na gaya wa Majo, makullin mobilet, ɗan babur ɗinsa, kawai ya miƙo mini. Na kama hanyar Dawce, yashi na kayar da ni ina tashi. Na sami Lawali a ƙofar gida, na gaya masa gaskiya a tsaye. Ya dube ni ya ce, "To, mi kake wa dariya ɗazu?" Na goya shi muka bi sawun matafiyin, muka cim masa bakin wata rijiya yana shayar da jaki, iyaka na gabansa. Lawali ya karɓe saƙon farko ya ba shi wani.

Malam Habu ya iso rana ta shida, ƙafafunsa duk sun fashe. Shi ya zauna kusa da ita muka yi mata bayani ni da Majo. Ya yi kwana sha tara yana ba ta ruwa da hannunsa, shi kuma ya kai ta makwancinta.

Murnar gano cuta halal ce, ita ke riƙe mutum a aikin nan, har yau in na tuna jinin nan sai gabana ya motsa. Amma ku yi ta a cikin ɗakin gwaji, ƙofa a rufe. Mutanen da ke zaune a waje ba sa karanta takardarmu. Fuskarmu suke karantawa, kuma da ita suke aika saƙo gida.