Allunan Lindsay Kowald a Dutsen Yelbering

Lindsay Kowald mutum ne da ba ya son maimaita aiki. Duk Yelbering an san shi da wannan. Idan ya sassaƙa maka sunan gonarka a katakon jara, icen nan mai ƙarko na yankinsu, to kai da allo har jikokinka. Askin tumaki ya fara yi tun yana saurayi, yana bin gonakin alkama daga rumfa zuwa rumfa, har ranar da bayansa ya ce ya gaji. Daga nan ya koma shagon bayan gidansa, shi da cizal na sassaƙa da guduma da gwangwanin farin fenti. Karatunsa bai yi nisa ba, shi ya sa kowane harafi sai ya duba shi sau biyu kafin ƙarfe ya taɓa katako.

Wadda ta jawo masa ciwon kai ita ce Glenys Trethowan, malamar firamaren garin kuma shugabar ƙungiyar kula da furannin daji. Duk shekara idan ruwan sama, wanda a can da sanyi yake zuwa, ya ɗauke, wajen Satumba, baƙi kan cika dutsen da ke bayan gari don kallon furanni. Glenys ta ce abin kunya ne a ce baƙo ya tambayi sunan tsiro a rasa mai faɗa masa. Don haka take so Lindsay ya sassaƙa wa kowane tsiro allon sunansa.

Ta kai shi gindin dutsen, ta durƙusa ta nuna masa wata 'yar ciyawa mai jan gashi, kowane gashi da ɗigon danƙo a kansa kamar raɓa. Ƙuda na sauka ya maƙale, ganyen ya naɗe shi. Idan zafin Disamba ya zo, don a can lokacin ne bazara, sai ta bushe ƙurmus, ta bar ɗan dunƙulen saiwarta can cikin ƙasa yana barci har ruwa ya dawo.

"Wannan ai sandiyu ce, Malama," in ji Lindsay. "Tun muna yara muke tsokanarta da tsinke."

"Wannan sunan gida ne. Na littafi nake so."

Ta rubuta masa: Drosera stolonifera. Ya kalli takardar, ya kalle ta.

"Wannan suna ne ko tari?"

Ya dai yi. Ya yi wa sauran 'yan uwanta masu dunƙulen saiwa nasu, da mai hawa jikin itace, da mai shimfiɗa ganye a ƙasa kamar faranti. Ranar da aka kafa allunan har da shayi da kek, matarsa Noelene ta ce ba ta taɓa ganin ya tsaya an ɗauke shi hoto da son ransa ba sai ran nan.

Ba a yi wasu shekaru ba sai ga Glenys a ƙofar shago, tana murmushin wanda ya zo da roƙo. Masana sun duba, sun ce ta kan dutse ta ɗan bambanta da ta bakin teku, don haka an ƙara mata suna na uku, rupicola.

"Ciyawar ce ta canja?"

"A'a."

"To kuskurena ne?"

"Haba Lindsay, wa ya ce? Ilimi ne ya ƙaru."

"Ilimi ya ƙaru, katako bai ƙaru ba. Ina zan sa shi, a bayan allon?"

Dole ya ciro allon, ya nemo wani mai tsawo, ya sake daga farko. Mako guda Noelene ba ta ji wata magana daga bakinsa ba sai ta ciyawa. Da ya gama ya sa Glenys ta rantse cewa shi ke nan. Ta ce iyakar saninta shi ke nan.

Aka daɗe shiru, har ya yi furfura, Glenys ta yi ritaya. Rannan ya shiga shagon sayar da fai, gasasshen ƙullun fulawa mai nama a ciki, sai ya tarar da ita, ta yi kamar ba ta gan shi ba. Nan ya gane.

"Faɗi kawai, Malama."

"An ɗaga darajarta. Yanzu jinsi ce mai zaman kanta. Sunan tsakiyar ne za a cire."

"Wanda na fara sassaƙawa? Shi ne yanzu ba a so?"

Masu sayen fai suka fashe da dariya. Wani manomi ya ce, "Lindsay, ka koma rubutu da alli mana, mu huta." Lindsay ya bar fai ɗinsa a kan kanta ya fita. Ba ya cike rami da ƙullun katako, a wurinsa wannan ha'inci ne, don haka allo na uku ya yi, sabo fil, yana yi yana zagin mutanen da bai taɓa gani ba.

Abin da ya ƙure shi ya zo yana da shekara saba'in da 'yan kai. Wani babban littafi ya fito, aka tsattsaga wasu jinsunan, allunansa da dama suka tashi aiki lokaci guda. Wannan karon bai bi ta kan Glenys ba. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ce wa Noelene ta shiga mota, Perth za su.

"Wajen likita?"

"Wajen masu raɗa wa ciyawa suna."

A gidan adana busassun tsirrai wata matashiya mai suna Dakta Farrugia ta karɓe su. Ya yi shirin faɗa, sai ga shi ta jawo masa kujera, ta ce ta taɓa hawa dutsen Yelbering, ta ga allunan, ba ta taɓa ganin masu kyansu ba. Wannan ya ƙara ba shi haushi, don ya rasa inda zai fara.

"'Yata, abu ɗaya na zo tambaya. Ki ba ni sunan ƙarshe. Wanda ba za a sake taɓawa ba. In sassaƙa in mutu."

Ta ɗauko wata tsohuwar takarda da busasshen tsiro manne a jiki, gefenta cike da ƙananan rubuce-rubuce na hannu daban-daban. Ta ce kusan shekara ɗari biyu ke nan ana kai da kawo a kan waɗannan masu dunƙulen saiwar. An fara ware su rukuni guda, wani ya zo ya fitar da wasu daga dangin gaba ɗaya ya ba su suna daban, aka dawo da su, wani ya ɗaga rukunin sama, aka sake raba shi gida-gida. Yanzu kuma ana duba ƙwayoyin halittarsu, kuma abin da ake gani zai iya motsa wasu.

"Wato ba ku gama ba."

"Baba, gaskiya ba na jin za a gama. Duk wanda ya ce maka ga na ƙarshe, ya yaudare ka."

"To me ya sa ba ku bari sai kun tabbata?"

"Da mun jira, da har yau ba ta da suna ko ɗaya."

Ya miƙe ya fita, kuma bai yafe mata wannan amsar ba. Suka kamo hanyar gida har suka wuce garin Northam. Noelene ta ce yarinyar dai tana da kirki. Ya ce kirkin ne ya fi ɓata masa rai.

Ya sanar da ƙungiya cewa ya ajiye cizal a kan maganar ciyawa. Ƙaramar hukuma ta yi odar farantai na ƙarfe masu bugaggen rubutu daga birni, amma aka rasa abin da za a ɗora su a kai, ga lokacin baƙi ya matso. Glenys, wadda yanzu da sanda take tafiya, ta zo ta zauna a kan benci a shagonsa, ba ta roƙe shi ba, ta dai ƙi tashi. Da shayi na biyu ya huce ya ce ta tafi gida, zai duba.

Turaku ya yi musu na jara, kowanne da tsaga a sama, yadda za a zare faranti a zura wani cikin minti guda. Kowa ya yaba dabarar, har wasu garuruwa suka aiko a yi musu irinsu. Ya ƙi. Ya ce a duk aikin da ya yi a duniya wannan ne kaɗai ya yi shi don a canja, kuma ba zai sa hannunsa a na biyu ba.

Yanzu tsufa ya kama shi, ya bar shago. Da lokacin furanni Noelene kan kai shi gindin dutse a mota, ya sauke gilashi ya zauna. Bara wata baƙuwa ta leƙo ta tambaye shi ko ya san yadda ake furta sunan da ke kan farantin.

"Ki tambayi matata," ya ce. "Ni na yi ritaya."

Noelene ta ce, "Ƙarya yake, ya iya. Lindsay, faɗa mata mana."

Ya ɗaga gilashin motar.