Mai Kwalaben Tsiro a Kasuwar Gurda

A kasuwar Gurda, inda arzikin fetur ya cika shaguna da rediyo da firji, wani dattijo yana tsugune cikin farar rigar ma'aikatan ɗakin gwaji, wuyanta duk ya yage. A gabansa akwai kwalabe shida, kowace da ɗan tsiro mai kama da kan abarba. Da alama shi ya raine su, kafin a rufe wurin aikinsa.

Wata mata ta tsaya. "Baba, ana cin wannan?"

"A'a, 'yata, na ado ne. Irinsu ya kusa ƙarewa a duniya."

Ta wuce abinta.

Ganyen ya fara komawa ruwan ɗorawa. Yana ta gyara zama don ya kare su da jikinsa, amma rana ta yi tsaka, inuwarsa ko kwalba biyu ba ta rufe ba.