Hoton da Ya Tsage a Falon Gwaggo

Sana'ata zanen ƙofofin shaguna ce. Rabin masu aski da teloli na unguwarmu a Garwa, ni na zana musu kawuna da almakasai a bango. Fentin wannan aiki ba shi da taurin kai. Na gwangwani, ka shafa da safe, kafin la'asar ka jingina da shi rigarka ba ta ɗauki komai ba. Na ruwa kuwa, kafin ka gama wanke buroshi ya bushe.

Amma ni raina bai taɓa kwanciya da a ce mini mai rubutun shago ba, so nake a ce mai zane. Shi ya sa na sa wani direba ya sayo mini fentin mai daga Yawunde, irin na cikin 'yan bututu kamar man goge baki. Shekara guda ina koyon halinsa. Shi ba ƙafewa yake yi ba, iska ce take daskarar da shi sannu a hankali, daga sama zuwa ciki. Launin ruwan ƙasa ya fi sauri, kwana biyu ya kama jikinsa. Fari da ja sai mako ko fiye. In kuma ka zuba shi da kauri, sai ya yi fata a sama kamar kunun da aka bari a kwano, cikinsa ɗanye har watanni. Doka ɗaya ce a aikin: ba a ɗora mai saurin bushewa a kan wanda bai bushe ba. Wannan na san shi sarai, kada wani ya yi mini uzurin rashin sani.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Ɗanta ɗaya ne, namiji, taubashina, kuma tare muka tashi muna tsokanar juna. A tsakiyar wata damina ya samu aikin tuƙa kamyo, babbar motar kaya, yana kai kaya Mora da ƙauyukan da ke bayanta wajen iyaka. Kowa a Garwa ya san abin da hanyar nan take nufi a shekarun nan. In aka ce wane yana bin ta, sai mutane su ce Allah ya tsare, su canza magana.

Taubashin nawa ya shigo rumfata yana dariya, ya miƙo mini hotonsa a waya.

"Kai mai shafe-shafe, zana ni in bar wa tsohuwa. In ba na nan ta samu wanda za ta riƙa yi wa faɗa."

"Wannan kan naka ai sai an ƙaro katako," na ce masa. "Yaushe tafiyar?"

"Nan da kwana tara."

Da na ɗauki fentin ruwa, da kwana biyu sun ishe ni. Sai dai ina so Gwaggo ta ga abin da hannuna ya iya. Na ɗauko na mai, na shimfiɗa ja mai duhu a ƙarƙashin fuskar har zuwa kafaɗu, da kauri, don fatar ta yi rai. Sai ruwan sama ya tsaya mana. Kullum hadari, iskar da ke tasowa daga kogin Binuwai ta yi nauyi, ko wanki ba ya bushewa a igiya. A rana ta bakwai na taɓa hoton, yatsana ya nutse, ga shi ban ko fara idanu ba. Na tsarma fenti da fetur, na antaya masa sikatif, ruwan da muke sawa don ya bushe da wuri, na zana fuskar a kan ɗanyen. Washegari sama ya bushe ƙarau, yana sheƙi. Gwaggo ta rataye shi a falonta tana ta sa mini albarka, maƙwabta suna shigowa kallo. Ranar kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Wata biyu ba abin da ya faru. Taubashina yana kiran uwarsa kullum bayan azahar, ko yana ina. Sai wata rana bai kira ba. Washegari ma shiru. A rana ta uku Gwaggo ta buga mini waya ta ce in zo yanzu.

Na same ta tsaye gaban hoton, da maƙwabtanta biyu a zaune. Ta nuna mini da yatsa. Wani siririn layi ne, kamar gashi, ya taso daga bakin hula ya ratsa goshi.

"Jiya babu wannan," ta ce.

Kallo ɗaya na yi masa na gane. Jan da ke ƙasa ne ya fara bushewa yana motsi, fatar sama kuma ta riga ta sandare, ba za ta iya binsa ba, dole ta tsage. Magana ɗaya ce a bakina, da na faɗe ta da shi ke nan. Amma ga matan nan biyu da suka yi ta yabona a unguwa, sun zuba mini ido. Na ji kunya ta kama ni, na ce:

"Ba komai ba ne, Gwaggo. Zafi ne."

"Zafin Garwa yau ya fara?" ta ce, ba ta ko dube ni ba.

Daga ranar tsagar ba ta huta ba. Ta sauko daga goshi ta kama gefen idon hagu. Wata ta fito a kumatu ta haɗu da ita. Da suka buɗe kaɗan, sai jan da ke ƙasa ya fara leƙowa ta cikinsu. Wayar taubashina kuwa a kashe, kullum a kashe. Mai kamyon ya ce ai wajen babu rezo, waya ba ta shiga, a yi haƙuri, amma shi ma muryarsa ba ta yi kama da ta mai kwanciyar hankali ba. Gwaggo ta jawo tabarmarta gaban hoton ta tare a nan. Ana kawo tuwo ana ɗaukewa yadda aka kawo shi, ga ta da hawan jini. Mata suna shigowa su duba bango, su fita tsakar gida suna magana ƙasa-ƙasa. Wani malami maƙwabcinmu ya zo ya ce mata katako ne da fenti, ba su san gaibu ba, ta sauke shi ta yi ta addu'a. Ta ce to, amma ba ta sauke ba.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina, ni ma tsoron ya shige ni. Ni da na dama fentin da hannuna, na san dalilin kowace tsaga, amma kullum da safe in na doshi ƙofar falon sai gabana ya faɗi. Kuma kowace rana da ta wuce, bakina ƙara nauyi yake yi. In na faɗa a rana ta biyar, sai an tambaye ni me ya hana ni faɗa kwana huɗun da suka wuce. Sai in ce wa kaina bari yau zai kira, magana ta mutu ba wanda ya sani.

A rana ta goma sha ɗaya da fitowar tsagar farko, na shiga gidan da hantsi na tarar ana share tsakar gida. Na tambayi dalili, aka ce Gwaggo ce ta ce a share, a kuma aro tabarmi daga maƙwabta, saboda mutanen da za su zo. Tana kwance a falo, idanunta sun faɗa. Tsagar ta ratsa leɓe ta sauka wuya.

Na durƙusa gabanta, a gaban duk wanda ke wurin, na faɗi komai: jan da na zuba da kauri, ruwan sama, fetur, sikatif. Na ga ba ta gane ba, sai na tashi na danna babban yatsana a kumatun hoton. Fatar ta fashe, yatsan ya nutse. Na nuna mata jan fenti, ɗanye sharaf, kamar yau aka matso shi.

Ta daɗe tana kallon yatsan.

"Tun yaushe ka san haka?"

"Tun ranar farko, Gwaggo."

Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi:

"Kwana goma sha ɗaya ka bar ni ina kallon ɗana yana tsagewa, kana da magana a baki." Sannan ta ce, "To tunda aikinka ne, tsayar da shi."

Na ce ba zan iya ba. Sai na cikin ya gama bushewa, kuma zai ɗauki watanni.

Bayan kwana biyu taubashina ya kira da wayar aro. Kamyon ne ya lalace a wani ƙauye, wayarsa ta faɗa ruwa, sojoji kuma suka rufe hanya. Har yana dariya yana tambaya ko an ajiye masa kilishi. Gwaggo ta tashi, ta ci abinci, aka mayar da tabarmin mutane. Na roƙe ta ta ba ni hoton in sake wani, ta ƙi. Tun daga lokacin ba ta ƙara ce mini ɗana ba, sai dai mai fenti.

Taubashina bai bar hanyar ba har yau. Duk sanda sabuwar tsaga ta fito yana kan tafiya, Gwaggo takan kira ni. In zo in danna yatsa inda fentin ya fi kauri, in nuna mata jan, in ce laifina ne. Sai ta ga haka take iya sa loma a baki.

Yanzu shekara biyu ke nan. Makon jiya ta sake kirana, yana can bayan Mora, kwana biyu bai kira ba. Sabuwar tsagar a ƙirji take. Na danna kumatu, na danna kafaɗa, na bi duk inda na san na zuba ja. Ko'ina ya yi tauri kamar dutse.

"Laifina ne, Gwaggo," na ce mata.

Ta kamo hannuna ta juya babban yatsan tana dubawa. Babu komai a jikinsa.