Mai buga tagar Abba

Jama'a, yau saura ƙiris in kira wa Baba Sale 'yan sanda!

Kafin asuba na ji ana buga tagar ɗakin marigayi Abba. Ga waya a hannu, ina ta wasiwasi: in kira, ko dai in ɗan jira?

Umma ta riƙe hannuna. "Tsaya, na san bugun nan."

Sai muka ji, "Alhaji, sallah!"

Ashe Baba Sale ne, tsohon maƙwabcinmu a nan Gyaɗi-Gyaɗi, wanda yake tashin Abba masallaci tun muna yara. Tsufa ya mantar da shi rasuwar.

Na leƙa. "Baba, ai Abba... ba ya nan."

Ya ce, "To kai ɗauko buta mana."

Na ɗauko.