Tsagar Zauren Baba Sama'ila

Idan ka shiga tashar Ikara ka tambayi Iliyasu Maiwada, sai a tsaya ana duban juna. Amma ka ce Iliya Lokeshan, nan take mai shayi zai nuna maka bencin da yake zama, har ya ƙara maka da cewa in ba ka same shi ba, to yana can wani ƙauye yana kallon katangar mutane.

Shekara goma sha ɗaya Iliya ya yi yana acaɓa tsakanin Ikara da Maƙarfi da Kudan, kuma a gaskiya ba gwanin acaɓa ba ne. Mutum ne mai shegen kalle-kalle. Yana ɗauke da fasinja mai sauri, sai ya rage gudu don ya ga wata tsohuwar rijiya, ko wani rumbu da ya karkace bai faɗi ba. Mata masu zuwa awo asibiti sun daina hawan mashin ɗinsa, wai sai an rufe karɓar kati yake isar da su.

Wannan halin ne ya zame masa sana'a. Wata ranar kasuwar Maƙarfi ya ɗauki wani baƙo mai jaka a baya, wanda ya yini yana tambayar inda zai sami rijiya a gindin kuka, wadda in ka tsaya a bakinta ba za ka hangi turken lantarki ko rufin kwano ba. Direbobi sun yi ta yi masa dariya. Iliya kuwa cewa ya yi, "Guda huɗu na sani. Mai baki na siminti kake so, ko mai itace?" Baƙon nan Darakta Zayyad ne, mai shirya fim daga Kano, kuma bai bar garin ba sai da lambar wayar Iliya.

Mutanen tasha har yau ba su gama gane aikin ba. Ba ya fitowa a fim, ba ya riƙe kyamara, to me yake yi? Aikinsa nemo wurin ɗaukar fim, abin da 'yan fim suke kira lokeshan. A karanta masa labari, a ce ana son gidan mai kuɗin ƙauye ko gonar da za a yi rigimar iyaka, shi kuma ya hau mashin ya nemo. Ya gaida mai unguwa, ya nemi izinin mai gida. Ya san inda rana take faɗuwa da la'asar, da lokacin da injin niƙa yake tashi don kada ƙararsa ta shiga magana, da hanyar da bas za ta bi ba ta kafe a yashi ba, da gidan da 'yan wasa mata za su shiga su sake kaya. Abin da ya fi ɗaure masa kai a farko shi ne, duk abin da mai gida yake ɓoyewa in ya yi baƙo, shi 'yan fim suke so. Ka kai su gida mai fenti su taɓe baki. Ka nuna musu tsohuwar ƙofar kara da akuya ta cinye rabi, sai ka ji ana kabbara.

Shekara huɗu yana wannan aiki a bayan fage, ba a taɓa rubuta sunansa a ƙarshen fim ba. Sai Zayyad ya samu shiri mai dogon zango da za a riƙa nunawa a talbijin, ya kira shi ya ce, "Malam Iliya, in kashin farko ya tafi daidai, sunanka zai hau allo, kuma kai ne namu har shirin ya ƙare." Iliya ya so abin nan ƙwarai. Yana son ranar da 'yan tasha za su ga sunansa ya wuce a talbijin ɗin mai shayi, su daina tambayarsa me yake yi.

Abin da ake nema zaure ne, tsohon ginin ƙasa, wanda ya tsage daga sama har ƙasa. A labarin, gidan wani malalaci ne da ya gaji gidan ubansa ya bar shi yana rushewa. Iliya ya yi kwana tara yana zagaye ƙauyuka wai yana nema, alhali tun ana karanta masa labarin ya san inda zauren yake. Yana Gubuchi, a ƙofar gidan wan mahaifinsa, Baba Sama'ila.

Baba Sama'ila ne ya riƙe Iliya bayan rasuwar mahaifinsa. Manomin rake ne, kuma ba malalaci ba ne ko kusa, ƙarfi ne ya ƙare. Shi zauren, kakan Iliya ne ya gina shi. Wata damina mai ruwa ta tsaga shi shekara bakwai da suka wuce, 'ya'yan Baba duk suna Abuja da Legas wajen nema, gwiwoyinsa kuma sun ƙi. Kowace shekara sai ya ce in an sare rake za a gyara.

Iliya ya je ya durƙusa, aka yi gaisuwa har aka tambayi lafiyar mashin. Sannan ya ce, "Baba, baƙina na Kano suna son zaure na asali, irin ginin mutanen da. Na duba ko'ina ban ga kamar namu ba."

Bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya faɗa. Tsohon ya yi murna har ya sa aka share ƙofar gida sau biyu.

Kwana uku aka yi ana ɗauka. Baba yana gefe a kan buzu, yana kallon komai da ido irin na wanda bai taɓa gani ba. Ya ga mai kyamara ya zura hannu cikin tsagar ya kira Darakta, sun yi ƙus-ƙus suna nunawa. Ya ga wata mata mai littafi tana ɗaukar tsagar hoto ta kowane gefe. Wannan Rumaisa ce, wadda aikinta shi ne ta tabbatar abin da aka gani a fitowar yau shi za a gani a ta gobe: hular da ɗan wasa ya sa, hannun da ya riƙe buta, har tsumman da aka cusa a cikin tsaga sai da ta rubuta launinsa.

Azumi ya kama kafin a gama, aka ce sai bayan Sallah. Fitowa goma sha ɗaya aka ɗauka, saura bakwai. Da za su hau mota Rumaisa ta ce, "Malam Iliya, ka gaya wa Baba kada a taɓa komai, musamman tsagar nan."

Iliya ya ce, "Abin da ya shekara bakwai a tsaye, kwana arba'in ne zai motsa?"

Gaskiyar ita ce bakinsa ne ya yi nauyi. In ya ce a bar tsaga, tsohon zai tambayi dalili, shi kuma ba shi da fuskar da zai ce wa wanda ya riƙe shi, lalacewar gidanka muka zo ɗauka. Sai ya yi sallama ya hau mashin.

Kwana huɗu bayan Sallah suka dawo, Iliya a gaba, bas a baya. Ya sha kwanar masallaci, ya wuce gidan da ya girma a ciki bai gane shi ba, sai da ya ji ana kiran sunansa ya juyo.

Zauren ya sha sabon yaɓe, sumul, an shafe shi da makuba yana ƙyalli ja-ja. An sa sabon indararo. A saman ƙofa har an yi ɗan zane da yatsa. Tsaga kuwa ko alamarta babu. Ga Baba Sama'ila a tsaye cikin rigar Sallah, ga tabarmi an shimfiɗa, ga ƙwaryar fura da kwanonin dambu da kaji a rufe.

Tsohon ya kamo hannun Iliya ya ja shi gefe. Tafin hannun tsohon duk ya faffashe. Ya rage murya ya ce, "Iliya, na ga yadda suke nuna tsagar nan suna raɗa. Matar nan har hoto ta ɗauka. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce yaron nan ya kawo manyan baƙi gidan ubansa, ba za su koma Kano da shi a baki ba. Da an yi asuba nake fita in taka ƙasa kafin rana ta yi zafi, maƙwabta kuma suka yi mini gayya kwana biyu." Ya dubi zauren, ya dubi Iliya. "Yanzu dai ba za ka ji kunya ba."

Iliya bai taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Ya ce, "Sannu da aiki, Baba."

A bayan bas Darakta Zayyad yana tsaye riƙe da ƙugu. Ba mugun mutum ba ne, amma kwana biyu kacal babban ɗan wasansa ya ba shi, ga tashar talbijin na jira. Rumaisa ta buɗe littafinta ta rufe, ba ta ce na gaya maka ba, wanda da ta faɗa da ya fi sauƙi. Zayyad ya ce, "A fitowa ta tara mutumin nan ya shiga zaure mai tsaga. A ta goma sha biyu zai fito. Ta ina zai fito, Malam Iliya?"

Bilya mai tsara wuri ya matso ya ce ai ba wani abu ba ne, a ba shi diga da awa biyu, ga hotuna, zai mayar da tsagar yadda take har da tsummanta. In an gama a sake yaɓewa.

Zayyad ya ce, "Ka ji. Babanka ne, je ka gaya masa."

Iliya ya taka ya nufi zauren. Taku ashirin ne bai cika ba, amma ya daɗe a hanya. Tsohon yana gyara zaman kwanoni, ya ɗago ya ce, "Ya yi musu?"

"Ya yi, Baba. Ya yi ƙwarai."

Ya juya ya koma bayan bas ya ce, "Yallaɓai, ba za a taɓa shi ba. Laifina ne, ni ne ban faɗa ba. Ka ba ni kwana biyu in samo wani."

"Wani yana nufin in sake ɗaukar goma sha ɗayan nan daga farko. Ka san abin da kake cewa?"

"Na sani."

"To ka san maganar suna ta tashi."

"Na sani, yallaɓai. Alfarma ɗaya nake roƙo, ku ci abincin nan kafin ku tafi."

Rumaisa ce ta fara cire takalmi ta zauna a tabarmar mata, sauran suka bi. Suka ci, suka yaba zaure, suka ce wa Baba ɗan wasansu ne bai ji daɗi ba, sai wani lokaci. Zayyad ma ya sha fura ya yi godiya yadda ya kamata.

Washegari Iliya ya samo wani zauren a Gazara, na wani Malam Mamuda, tsagarsa har ta fi waccan. A wannan karon ya zauna ya faɗi komai: gidan malalaci ne a labarin, tsagar ake so, kada a taɓa. Malam Mamuda ya yi dariya ya ce su ɗauka, shi ma ya gaji da ganinta shi kaɗai. A can aka sake ɗaukar komai. Shirin ya fito, ya karɓu, sunan wani ne ya hau allo, kuma Zayyad bai sake kiran Iliya ba. Ya koma yi wa ƙananan masu shiri aiki, in babu ya ɗauki fasinja. Ya ji zafin abin, ba ya ɓoyewa, ranar da ake nuna shirin ba ya zama wajen mai shayi.

Baba Sama'ila kuwa duk zuwan Iliya Gubuchi sai ya tambaya, "Yaushe za a nuna mu?" Iliya ya ce ana nan ana shiri. Har shekara ta zagayo, zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa ta gabas. Ran nan tsohon bai yi tambayar ba, cewa ya yi, "An ce ya fito, har mutanen gari suna kallo a waya. Buɗe mini."

Babu wajen gudu. Suna zaune a inuwar zauren Iliya ya kunna ya miƙa masa. Baba ya kawo wayar kusa da ido. Ya ga ɗan wasan da ya sani yana kwance a ƙofar wani zaure mai tsaga, wata dattijuwa tana yi masa faɗa cewa ya bar gidan ubansa ya zama kufai. Ya kalla har fitowar ta ƙare, sannan ya aje wayar a kan buzu.

"Ashe tsagar suke so."

"Ita ce, Baba."

"Ka sani tun farko?"

"Na sani. Ka yafe mini."

Tsohon ya daɗe yana shafa bangon da ke bayansa. Ya ce, "Na ga ba su sake zuwa da kai ba. Saboda wannan ne?"

Iliya ya sunkuyar da kai.

"Da ka faɗa mini, da ni da kaina zan ɗauki diga in buɗe musu ita."

"Shi ya sa ban faɗa ba, Baba."

Baba Sama'ila ya juya fuska gefe, ya ja hancinsa, ya ɗauki wayar ya sake duban zauren da ke ciki. Ya ce, "Wannan na wane ne?"

"Wani Malam Mamuda, a Gazara."

"Sun gama da shi?"

"Sun gama tun bara."

"Kuma haka suka bar masa?"

Iliya ya ce, "Ban koma na duba ba, Baba."

Tsohon ya dafa bango ya miƙe da ƙyar. Ya ce, "Akwai sauran makuba buhu guda a rumbu. Gobe ka zo da wuri ka ɗauke ni mu je Gazara, ruwa ya kusa sauka."